Sistar Hannu, Mai Ɗakin Ƙarshen Baranda

Kafin masu goge-goge su gama da barandar asibitin, ita ta riga ta iso. Takan raɓa ta jikin bango don kada ta taka musu inda suka goge, ta wuce ɗakin yankar kati, ta wuce tagar ba da magani, har ta kai ƙofar ƙarshe, wadda baƙo zai ɗauka ta sito ce. Da can ma siton ne, har yanzu ana ganin gurbin kantoci a jikin bango. Tebur ɗaya ne a ciki da kujeru biyu, sai wurin wanke hannu, sai taga mai kallon igiyoyin da ake shanya zannuwan gado.

Takan buɗe tagar, ta tsiyayi ruwan zafi kaɗan daga fulas ta surka da na famfo har ya yi ɗumi, ta wanke hannu, ta tsane shi da tawul a hankali ba tare da ta dirje ba. Sannan ta lakato farin man nan mai kauri mara ƙamshi, ta bi yatsunta ɗaya bayan ɗaya, har tsakaninsu, har gindin farce. Sai ta leƙa waje ta kira mai gugar baranda.

"Ƙanwata, zo in gani."

Matar takan jingine sandar guga, ta zare safa, ta miƙo hannu biyu tana dariya. "Sista, ko gaisawa fa ba mu yi ba."

"Su za su gaya min yadda kika kwana. Ke in na tambaye ki, lafiya lau za ki ce."

Sistar Hannu ke nan. Haka kowa ke kiranta, daga manyan likitoci har masu gadi, kuma makon jiya ta ajiye aiki bayan shekarun da ko ita sai ta tsaya ta yi tunani kafin ta faɗi yawansu.

Masu zuwa ɗakinta ba su da wuyar ganewa a kan benci. Sauran marasa lafiya kan nuna inda ke musu ciwo tun ba a tambaye su ba, nata kuwa ɓoyewa suke yi. Wani ya cusa hannu a aljihu, wata ta naɗe nata a gefen mayafi, wani ya matse nasa tsakanin gwiwoyi yana susa a sace. Masu wanki ne da masu wanke-wanke a gidajen abinci, da makanikai, da masu gyaran gashi, da magina, da masu jego waɗanda hannunsu ba ya fita daga ruwa. Ciwonsu ƙuraje ne da ƙaiƙayi da tsagewar fata, irin wanda ke lafawa har mutum ya yi murna, sannan ya dawo. Ba ya kwantar da kowa a gado, shi ya sa ba mai zuwa dubiya. Amma yana hana barci, yana sa ɗaure maɓallin riga ya zama aiki, wani lokaci kuma ya raba mutum da sana'ar da yake riƙe iyali da ita.

Sista ta san wannan sarai, domin ita ma ta zauna a kan irin bencin.

A ɗakin tiyata ta fara aiki tana ƙuruciya, kuma waɗanda suka yi zamani da ita sun ce ba su ga mai saurin hannu irinta ba. Kafin likita ya buɗe baki ya nemi almakashi, almakashin yana tafinsa. Tana son aikin nan sosai, har in an yi tiyata mai wuya aka dace, takan koma gida tana 'yar waƙa a hanya. Ana haka wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso mata a gefen yatsu, da ƙaiƙayin da ke sa mutum ya ji kamar ya saɓule fatar ya huta. In ta tafi hutu sai hannun ya yi sumul. In ta dawo aiki, kafin mako ya zagayo sun dawo, sun fi na da. Ta yi shiru da bakinta tana fatan su gaji su tafi.

Wata rana bayan doguwar tiyata ta zare safar roba, sai ga jini a cikinta, kuma nata ne. Shugabarsu, wata dattijuwa mai ido, tana tsaye a bayanta.

"'Yata, tun yaushe?"

"Ɗan kaushi ne, Mama. Zai wuce."

"Kin fi ni sanin cewa ba za ki tsaya a kan mutumin da aka buɗe wa ciki da wannan hannun ba. Zo mu je."

Likitan fata, wani tsoho mai magana ƙasa-ƙasa, shi ya gwada ta ya gano abin. Jikinta ya ƙi wani sinadari da ake sawa wajen haɗa robar safar, ga kuma sabulun tiyata mai ƙarfi da ya cinye mata fata tun da farko. A lokacin babu wata irin safa a asibitin sai wannan. Aka ce ta bar ɗakin tiyata. Tsohon likitan yana neman mai taimaka masa, sai aka kwashe kayan da ke siton ƙarshen baranda aka ce ga ofishinta. Ranar farko ta rufe ƙofa ta zauna a kan wani kwali da aka manta, ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Da ta koma gida da labarin, maigidanta bai yi doguwar magana ba, da ma shi ba mutumin dogon zance ba ne. Bayan an ci abinci ya tattara kwanukan ya nufi bakin famfo ya naɗe hannun riga. Ƙanwarsa da ta zo musu kwana biyu ta riƙe haɓa.

"Yaya, kai ne da wanke-wanke? Lallai an shanye ka."

"An shanye ni," ya ce. "Miƙo min soso."

Ya ci gaba da wanke-wanken nan har 'ya'yansu suka girma suka karɓe shi, da suka watse gidajensu kuma ya sake karɓa. Har yau shi ke yi, yana mita cewa ba wanda ya iya wanke tukunya a gidan in ba shi ba.

A hankali ɗakin da ta ɗauka wurin jefarwa ne ya fara shiga ranta. Tsohon likitan ba ya rowar abin da ya sani, ita kuma ba ta gajiya da tambaya. Da ya tsufa ya tafi, wasu likitocin suka zo suka tafi, ita tana nan. Likita ne ke yanke hukunci ya rubuta magani, amma layinsa dogo ne, lokacinsa kaɗan. Ita ce ke zama da mutum bayan ya fito, ta warware masa abin da aka ce, har sai ta ga ya daina gyaɗa kan da ake yi don kunya ya fara na wanda ya gane.

Bayaninta bai canja ba, kuma waɗanda suka ji shi sun haddace. Fatar hannu tana da ɗan maiƙonta na halitta da ke tsare ta. Yawan ruwa da sabulu da garin wanki da fetur su ke wanke shi, sai fata ta bushe ta tsattsage. Wannan iri ɗaya ke nan, kuma kowa zai iya gamuwa da shi in ya matsa wa hannunsa. Iri na biyu shi ne wanda jiki ya ƙulla gaba da wani abu. Sai mutum ya yi shekaru yana taɓa abin lafiya lau, rana ɗaya jiki ya ce ya ishe shi. Daga nan ko ɗan mitsitsi ya taɓa sai ƙurajen su taso, kuma ba nan take ba, sai gobe ko jibi, shi ya sa mutum ke ɗora wa abincin da ya ci jiya laifi alhali mai laifin yana nan a yatsansa. Wani ƙarfen zobe ne ko bayan agogo, wata turaren da ke cikin man shafawarta ne, wani rinin gashi, wani robar safa.

"Shi ya sa yake tafiya yana dawowa," takan ce. "Ka sha magani ya kwanta, ka koma ka taɓa abin, ya tashi. Sai mun kamo shi tukuna. Yanzu ba ni labarin hannun nan, daga tashinka barci har ka kwanta. Kar ka tsallake komai, ba sauri nake ba."

Wata mai shagon gyaran gashi ta ce ita ta zo ne bayan ta gaji da wani haɗin mai da ake sayarwa a kasuwa a kwalbar da ba rubutu. In ta shafa, ƙaiƙayin ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke, in ta daina ya dawo da fushi, har fatar bayan hannunta ta yi siririya ana ganin jijiya. Sista ta karɓi kwalbar ta ajiye can gefe, ta ce irin maganin da ke ciki yana da amfani in likita ne ya auna ƙarfinsa ya faɗi ranar dainawa, amma shafa shi wata da watanni ba ƙa'ida cin fata yake yi. Suka bi ranar matar tiryan-tiryan har suka iso kan baƙin rini. Gwaji ya tabbatar. Yanzu abokiyar aikinta ce ke yin rini, ita ta riƙe wankin kai da gyara da safar da ba ta roba ba, shagon kuma yana nan a buɗe.

Amma labarin da aka fi bayarwa a kanta shi ne na wani magini da ake kira Birkila, kuma shi da kansa ke bayarwa ga duk wanda ya tsaya.

Ƙaton mutum ne, gwanin gini, irin wanda in ya ɗora layin bulo ba sai an bi shi da igiya ba. Hannunsa ya daɗe yana tsagewa, yana ɗaure yatsun da tsumma ya ci gaba da aiki. Da abin ya yi tsanani, tafin ya yi kauri ya dare, wasu wuraren suna ruwa, sai ya lura mutane sun fara miƙo masa wuyan hannu in za a gaisa. Wannan bai dame shi ba kamar abin da ya tarar a gida. Gwaggon matarsa ta zo ta gani ta ce wannan cuta ce mai yaɗuwa. Matar ta tsorata, ta ware masa kofi da tawul. Ga su da jaririya, autar da suka samu bayan sun fid da rai, kuma tun da aka haife ta ba a ɗora masa ita a hannu ba. Shi ma bai nema ba. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi mata wasa daga nesa, hannuwansa a baya.

Matar ce ta matsa masa ya zo asibiti, ta biyo shi da goyo ta zauna a benci. Ya shiga ɗakin Sista hannu biyu a aljihu.

"Malam, ina suke?"

"Su wa?"

"Waɗanda ka kawo min. Fito da su mana, ai ba kayan sata ba ne."

Ya ɗora su a kan tebur. Ta warware tsumman a hankali, ta daɗe tana dubawa, sannan ta raka shi wurin likita. Aka kankari fatar aka duba, ba makero ba ne, ba ƙazuwa ba ce. Wasu tsagun sun ɗan yi mugunya, aka rubuta maganin sha da na shafawa. Da suka dawo ɗakinta ta wanke masa, ta rufe inda ya buɗe, sannan ta ɗora tafinta tsirara a bayan hannunsa. Ya fizge.

"Sista, ki sa safa, kar ki ɗauka."

"Ba a ɗauka. Da ana ɗauka, da ni na fara rarraba shi a gari." Ta juya nata hannun ta nuna masa tsofaffin tabo a gefen yatsu. Sai ta ɗaga murya. "Ƙanwata mai goyo, shigo."

Matar ta shigo tana raɓe-raɓe. Sista ta maimaita mata abin da likita ya ce, kalma kalma, ta ce ko a kofi ɗaya suka sha, ko tawul ɗaya suka goge, ba abin da zai same ta ko yarinyar. Matar ta tsaya kamar ba ta ji ba, can sai ta rufe fuska da mayafi.

"Wayyo ni. Duk watannin nan ina ware masa kofi kamar baƙo."

"Tsoro ne, kuma da jaririya a hannu kowa zai ji tsoro. Share hawayenki ki kwance min ita."

Ta lafta wa hannun Birkila mai, ta zura masa fararen safofin auduga, ta karɓi yarinyar ta ɗora masa. Ya riƙe ta a sandare, gwiwar hannunsa a buɗe, kamar wanda aka ba gilashin taga. Yarinyar ta buɗe ido ta kama masa babban yatsa. Ya sunkuya yana kallonta.

"Ashe tana da nauyi," ya ce daga baya.

Bayan hannun ya lafa aka yi masa gwajin da ake manna ƙananan faci a gadon baya, kowanne da ɗigon wani abu da ake zargi. Sista ta ce kar ruwa ya taɓa wurin sai ya dawo jibi, ya ce to matarsa ce za ta sha wari, ba ruwansa. Da aka ɓare, aka sake dubawa bayan ɗan lokaci, wurare biyu sun yi jajur. Ɗaya robar baƙar safar da yake sawa don ya kare kansa. Ɗayan kuma wani sinadari ne da ke cikin siminti.

Ranar hutunta Sista ta ɗauki lema ta tafi wurin ginin da yake aiki, ba wanda ya aike ta. Ta tsaya a gindin tsani tana kallo. Ta ga kwaɓin siminti yana zurarewa ta bakin safa ya haɗu da gumi ya wuni a ciki. Ta ga in an tashi, a duron da ake ɗibar ruwan kwaɓi kowa ke wanke hannu, su dirje da yashi, mai taurin kai ya ƙara da kananzir. Ta roƙi ɗan kwangilar ginin ya ajiye musu bokitin ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙarfi, kuma ya yi. Ta samo wa Birkila doguwar safa wadda ba ta roba ba, da ta auduga a ciki, ta ce mai ya zauna a aljihunsa, duk wanke hannu ya shafa.

Ya bi umarni, hannun ya yi sauƙi. Amma duk lokacin da ya koma filasta sai ya tashi. Likita ya faɗa masa gaskiya, cewa irin wannan gabar da siminti ba ta cika sassautawa ba, in yana son hannunsa sai ya rabu da ɗanyen kwaɓi. Birkila ya fito ya tsaya a ƙofar Sista ransa a ɓace.

"Ku ce in je in kwanta in mutu kawai. Tun ban kai tsayin duro ba nake riƙe da cokalin gini. Me na iya ban da shi?"

Bai jira amsa ba ya tafi, kuma ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, yatsun ba sa lanƙwasuwa don kumburi. Ya zauna yana jiran faɗa. Sista ta tura ƙofa, ta gyara masa hannun tsaf ba ta yi masa faɗan ba, sai da ta gama ta ba shi labarin ɗakin tiyata, abin da ba kasafai take yi ba.

"Har yau in na wuce ta ƙofar na ji ƙarar ƙarafa a faranti, yatsuna motsi suke yi," ta ce. "Ba zan ce maka ba zafi ba."

"To ya kika yi?"

"Na yi kuka. Da na gaji na duba abin da ya rage min. Kai in tambaye ka, in bango ya karkace, da hannu kake ganewa ko da ido?"

"Da ido. Tun daga bakin titi."

"To idon bai yi ƙuraje ba."

Da yardarsa ta sake komawa wurin ɗan kwangilar. Mutumin ya ce shi da ma abin da ke hana shi barci shi ne aikin da ake yi in ba ya nan. Yanzu Birkila ne ke awo, shi ke fitar da harsashi, shi ke bin magina yana cewa a rushe wannan layin a sake. Hannunsa bai koma na jariri ba, in an yi sanyi yakan yi kaushi, amma ya rufe, kuma yana gaisawa da kowa da tafi cikakke. Lokaci-lokaci in ya ga wani yana ɓata kusurwa zuciya takan ɗebe shi ya karɓi cokalin. Bayan kwana biyu sai ga shi a benci yana sunkuyar da kai.

"Sista, wallahi shaiɗan ne."

"Shaiɗan ɗin filasta ya yi, ko bulo ya ɗora?"

Ke ce wannan, Sista. Ke ce ba ki taɓa yi wa mutum alkawarin warkewar da ba ki da tabbas a kanta ba, kuma ba ki taɓa barin ya fita ɗakinki ba tare da abin da zai yi gobe da safe ba. Ke ce mai zagayawa ɗakin wanki da kicin ɗin asibiti kina duba hannun waɗanda ba su da lokacin yankar kati. Ke ce kika yi ta sintiri ofishin masu sayen kaya har aka fara kawo safar da ba ta roba ba, kuma da ta iso shekarunki sun wuce na komawa tiyata. Mutane sun ga kin ɗauki kwalin farko da kanki kin kai wa wata sabuwar nas da yatsunta suka fara feso ƙuraje, kin ce mata, "Ke kam ba inda za ki." Tana can har yau tana miƙa almakashi. Mai sanyin hannu, uwar masu kaushi, mun ga wannan duka.

Ranar sallama aka jera kujeru a barandar. Ba a aika wa kowa goron gayyata ba, amma wurin ya cika har tsakar fili, kuma da aka yi tafi an daɗe ana yi. Ma'aikatan ofis, da kyakkyawar niyya, suka miƙo mata wani ƙaton kwando an naɗe da leda mai ƙyalli. Ta buɗe, sai ƙamshi ya bugi na gaba. Sabulai ne masu turare kala-kala, da mayukan shafawa masu ƙamshin fure. Irin waɗanda ta yi shekaru tana hana mutane ke nan. Mai gugar baranda ce ta fara fashewa da dariya, sai kowa ya ɗauka. Sista ta yi dariya har ta zauna tana share ido, ta ce ta gode, maigida zai yi ƙamshi bana. Shi kuma daga kujerarsa ya ce shi ya karɓa, kar wanda ya taɓa masa.

Ta miƙa makullin ɗakin ga nas ɗin da ta horar, wata mai natsuwa da ta daɗe tana zama a kujera ta biyu tana saurare. Nasihar da ta yi mata gajera ce. Ta ce in mutum ya fara ba da labarin ranarsa kar ta katse shi, ko da ya shiga zancen surukarsa, domin sau da yawa a nan tsakiya abin da ake nema yake fitowa.

Ga matasan da ke shiga aikin jinya, wata rana za a iya tura ɗayanku wani ɗaki da ba shi ya zaɓa ba, a ƙarshen wata baranda. Ya tuna cewa wata ta riga shi, kuma mutane sun cika fili ranar da za ta tafi. Ga masu ɗaukar ma'aikata a gidan abinci da gareji da wurin gini, ku dubi hannun waɗanda ke muku aiki, safa mai kyau da ruwa mai tsabta ba su fi ƙarfinku ba. Ga sauranmu kuma, in wani ya miƙo mana tsagaggen hannu, mu karɓa.

Da aka gaya mata za a yi wannan rubutu, ta yamutsa fuska ta ce me za a rubuta a kan tsohuwa mai shafa wa mutane mai. Da ta ga ba za a fasa ba, sai ta gyara zama.

"To in dole ne, ku rubuta abin da zai amfani wani. Ku ce mai ƙurajen hannu da ke tafiya suna dawowa ya daina ɓoyewa, ya je a duba shi, a nemo abin da jikinsa ya ƙi. Ku ce a bar haɗin kasuwa. Ku ce a cire zobe kafin a sa hannu a ruwan sabulu, a shafa mai mara ƙamshi bayan an tsane. Shi ke nan. Kar ku ƙara komai."

Mun rubuta, Sista. Abin da muka ƙara kuma ki yafe mana, kasa yin shiru muka yi. Allah ya huta gajiya, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya saka miki da alheri. Mun gode.